Kawu Hamisu da Kamfas ɗin Jirginsa

Duk abin da Kawu Hamisu ya saya, kafin ya taɓa abin sai ya lalubo ɗan littafin bayanin da ke cikin kwali, ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar ya kamo ɓera ta wutsiya, ya sake shi cikin kwandon shara. In ka yi magana ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Wanda ya rubuta wanga bai san ni ba." Haka ya yi wa firji, haka ya yi wa injin wanki, haka ya yi wa na'urar auna hawan jini da likita ya ba shi, wadda ta ƙare tana auna jinin duk wanda ya shigo shagonsa na gyaran waya a unguwar Stapleton, ban da na mai shagon.

Na fara da wannan ne saboda abin da kunnuwana suka ji a zaman makoki. Wani bawan Allah, ba zan kama suna ba, yana cikinku, ya ce marigayi mutum ne mai sauƙin kai. Jama'a, mu ji tsoron Allah! Mamaci addu'a yake buƙata, ba ƙage ba. Yayan mahaifiyata ne, shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan, kuma ni ne wanda ya rataye a sama cikin buhun shinkafa. Ina da bakin magana.

Ga waɗanda ba su san asalin jirgin ruwan Kawu ba: bayan babbar guguwar nan da ta watso jiragen ruwan tashar Great Kills kan titi, wani tsohon Bature abokin cinikinsa ya gaji da gyara, ya ce Kawu ya ɗauki nasa. Ɗan jirgin tsere ne mai tafiya da iska, tsawonsa bai kai bas ba. Mutumin da ya taso a Maraɗi, wanda bai san ruwan da ya wuce tafkin Madarunfa ba, sai ga shi da farar hula mai baki, ya rubuta Madarunfa a jikin jirgi, ya ce daga yau Kyaftin za a riƙa kiransa. Dogon ƙarfen da ke tsaye a tsakiyar jirgi, wanda ake ɗaura wa ƙyallen da iska ke turawa, bai taɓa kiransa komai ba sai falwaya. Ma'aikatansa biyu ne: ni, malamin labarin ƙasa a sakandare, wanda yake kira Farfesa in yana son ya ɓata min rai, da Malam Idi ɗan Zangon Kumasi, direban tasi, wanda bai iya iyo ba kuma bai ga dalilin koya ba.

Duk lokacin zafi muna shiga tsere. Alƙalai na zaune cikin jirginsu a bakin layi, duk wanda ya kammala su busa masa ƙaho. Na farko ƙaho, na ƙarshe ma ƙaho, muddin ya iso kafin lokaci ya cika. Mu ba mu taɓa jin namu ba. Kullum kafin mu iso sun janye ƙugiyar da ke riƙe jirginsu sun tafi cin abinci, mu tarar da ruwa shiru. Kawu bai taɓa kwaɗayin kofi ba. "Ƙahon nan kaɗai nika so, Farfesa," in ji shi. "Sau guda."

Bara likita ya ce zuciyarsa ta gaji. Inna Rabi, matarsa, ta yanke hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara: wannan ce shekarar ƙarshe, da sanyi ya shigo jirgi zai koma hannun wani, kuma ƙafarsa ba za ta sake hawa falwaya ba. Kawu ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa ba iya tuƙi Turawa suka fi mu ba, na'urori ne a falwayarsu. Ya sayo biyu: mai auna iska, wadda ake kafawa can a ƙololuwa, mai 'yan kofuna da ke juyawa, da kamfas na lantarki mai gilashi, wanda ake ɗaurewa a gindin falwaya yana kallon mai tuƙi. Kun san inda littattafansu suka tafi.

Masu jirgi suna da kujerar da ake jan mutum sama da ita. Kawu ya ce almubazzaranci ne. Ya ɗauki buhun shinkafar Basmati da bel ɗin tsohuwar motar Malam Idi, ya kai wa wani tela a unguwar Tompkinsville, aka fitar masa da wani abu mai kama da wandon jariri.

Na ce, "Kawu, wannan zai ɗauke ni?"

"Ya ɗauko shinkahwa tun daga Indiya bai yage ba, kai ne za ka yaga shi?"

Suka ja ni sama in kafa mai auna iskar. Ina can sama, ƙafafuwa na lilo, injin huda a hannu, shi yana ƙasa ya riƙe ƙugu yana ba da umarni. "Hagu! Ba hagunka ba, haguna!" Ina tsaka da ɗaure noti na ji shiru, abin da ba a saba ji ba in Kawu na kusa. Na leƙa ƙasa. Sun ɗaure igiyata a jikin ƙarfe, sun fita kan dandamalin katako sun shimfiɗa darduma. La'asar ta yi.

"Kawu! Ku sauke ni mana!"

"In mun sauke ka wa za ya sake ja? Idi na da ciwon baya. Yi taka nan da ishara, mai lalura ne kai."

"Ba ni da alwala!"

"Laihin wa?"

Ya ta da kabbara. Kun san sallar Kawu, ba ya gaggawa, kuma ba ya tashi sai ya ja carbi ya yi wa iyaye da kakanni addu'a ɗaya bayan ɗaya. Mutanen jirgin da ke kusa suka yi ta ɗaukar hoto. Ban san ta inda hoton ya bi ya isa makarantarmu ba. Har yau akwai ajin da in na juya ina rubutu a allo sai in ji ana raɗa Mista Basmati.

Da suka idar na ɗauka wahala ta ƙare. Sai ga wata igiya ta hauro da leda da zare.

"Ruhe na'urar da ita," in ji Kawu.

"Kawu, aikinta ke nan, ta juya cikin iska."

"Sabuwa ce! Tsuntsayen wurin ga ba su da tarbiyya."

Wanda ya taɓa shiga falonsa ya zauna a kujerun nan da ba a taɓa cire musu leda ba, ya riƙe rimot ɗin nan da ke cikin ledarsa tun zuwansa duniya, ya san gardama ba ta da amfani. Ina so in sauka. Na rufe.

A tsere na gaba iska ta taso kamar za ta tuge falwayar. Jirgi ya kwanta gefe guda, ruwa na shigowa, Malam Idi ya rungume ƙarfe yana salati. Kawu ya dubi gilashi, ya ga sifili, ya ce, "Na'ura ta ce babu iska. Ku ƙara ƙyalle."

Malam Idi ya ce, "Ei, Kyaftin! To mene ne ya ɗauke hulata?"

Iskar ce ta raba gardama, ta fizge ledar ta yi teku da ita. Kawu ya bi ta da kallo har ta ɓace, ya juyo gare ni. "Ka gani? Da ba leda, da na'urar ce ta tahi."

Duk wannan na yafe. Maganar kamfas ce har yanzu in na tuna nake jin wuyana na zafi.

Kamfas ɗin yana da maɓallin da ake dannawa bayan an ɗaure shi, don a gyara 'yar karkatar da aka samu wurin ɗaurawa. Kawu ya yi ta dannawa har ya gano ana iya karkata shi yadda aka ga dama. Da ma abin da ya daɗe yana damunsa a kan ruwa shi ne alƙibla, don jirgi ba ya tsayawa wuri guda. Sai ya sa muka ja jirgi da igiya har hancinsa ya fuskanci alƙibla daidai, ya danna, ya danna, sai da gilashi ya nuna sifili.

Na ce, "Kawu, duk kamfas na duniya daga arewa yake fara ƙirga."

"Arewa mi ta taɓa yi maka? Sanyi kaɗai ke hitowa daga can."

"Alƙalai suna rataya lamba a jirginsu, ita ke nuna inda tulun farko yake, alamar nan da ake girkewa a kan ruwa, wanda za mu kewaya. Lambarsu daga arewa take farawa, taka daga alƙibla. Ba za su taɓa haɗuwa ba."

"Bon. Sai ka yi lissahi. Don mi aka kai ka makaranta?"

Darasin da nake koya wa yara masu ƙurajen balaga su gane kafin a kaɗa ƙararrawa, shi na yi ta maimaita wa dattijo har kaka ta shigo. In gari a washe yake babu damuwa, tun da kullum muna baya, ba ma rasa wanda za mu bi. Abin haushi ma, mun fara iyawa. Akwai ranar da muka hango alƙalai suna janye ƙugiya, kusa sosai har ɗayansu ya ɗaga mana hannu. Kaɗan ya rage, wallahi kaɗan.

Tseren ƙarshe ya faɗo ranar Asabar da safe. Inna Rabi, wadda ba ta taɓa zuwa ba, ta zo da filas na shayi ta zauna a bakin ruwa. Muka tashi da kyau, a karon farko akwai jirage a bayanmu. Sai hazon teku ya sauko ya haɗiye kowa. Ba gaba, ba baya, sai mu da gilashin nan. Na ɗauki lambar alƙalai, na rage tazarar da ke tsakanin arewa da alƙibla, na faɗa masa lambar da zai bi.

"Ragewa? Ana rage alƙibla? Ƙarawa aka yi."

"Kawu, ragewa ne! Don Allah, yau ɗaya, ka ji maganata!"

"Ƙarawa!"

Muryoyi suka tashi. Nan Malam Idi, wanda duk rigimar da ta ɓarke a masallaci shi ake kira, ya shiga tsakani. "Kyaftin, Malam Nura, ku yi wa Annabi salati. Ɗa da uba ne ku. Kowa ya sauko kaɗan. Kar a ƙara, kar a rage, a bi lambar yadda take."

Jama'a, an yi wa lissafi sulhu! Kawu ya ce ya karɓa saboda girman Idi. Sandar tuƙi na hannunsa. Na ce ban yarda ba, aka ce rinjaye ya yi, biyu da ɗaya. Malam Idi, da ya ga ya gama aikin alheri, ya shige ƙaramin ɗakin jirgi da bokiti, don cikinsa ya fara juyawa.

Muka yi ta tafiya cikin farin duhu, ba tulu, ba alamarsa. Can na ji ruwa ya sauya murya. Na ɗaga kai, sai ga bango baƙi ya fito daga hazo, tsayinsa ya wuce benayen unguwar Tremont, kwantena a kan kwantena. Mun shiga hanyar manyan jirage. Ƙaton jirgin dakon kayan ya saki ƙaho, ya sake, ya sake, ƙarar da na ji ta a haƙarƙarina. Na fizge sandar daga hannun Kawu na karkata da dukan ƙarfina. Ya wuce, igiyar ruwansa ta ɗaga mu ta buga.

Da na dawo hayyacina na ga Kawu a tsaye, ya cire hula ya ɗaga sama. "Alhamdu lillahi! Kun ji?"

Na ce a hankali, "Kawu, cewa yake mu kauce kar ya niƙe mu."

"Farfesa, an busa ko ba a busa ba?"

Malam Idi ya leƙo da bokitinsa. "Kyaftin, namu ne?"

"Namu ne, Idi!"

Ya fashe da kuka, suka rungume juna. Ni na ta da ɗan injin ko-ta-kwana na jirgin, na bi taswirar wayata na kai mu gida. A bakin ruwa Malam Idi ya riga kowa tsalle yana yi wa Inna Rabi albishir. Ta dube ni, na dubi takalmina. Sauran kun sani, don kun ci shinkafar walimar da aka yi a shago, wasunku har da ƙari.

Da sanyi ya yi tsanani aka kwantar da Kawu a asibiti. Wata rana da hantsi muna zaune da Malam Idi a gefen gadonsa, ya aiki Idi ya nemo masa ruwan zafi. Ƙofa na rufewa ya ce, "Farfesa."

"Na'am, Kawu."

"Ragewa aka yi, ko?"

"Ragewa ake yi."

Ya ce, "Ƙahon nan ba namu ba ne. Na sani tun a wurin. Kada ka hwaɗa ma Idi, ya yi murna ƙwarai." Ya ja numfashi. "Ka lallashi Innarka ta ƙara muna shekara guda. Ka maida abin arewarka."

Tun ina da baƙin gashi nake jiran ranar da mutumin nan zai ce ni ke da gaskiya. Ya tashi faɗa, ya zaɓi ɗakin da babu shaida, ya kuma hana ni yaɗawa. Na lallashi Inna Rabi, ta yarda. Na je inda aka jingine jirgi na gyara kamfas da yatsu a sandare. Shi kuma bai jira ƙanƙara ta narke ba.

Na riƙe amanar. Ranar da muka je kwashe kayansa daga jirgi, Malam Idi yana naɗe igiya, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Malam Nura, ka san ƙahon nan ba namu ba ne?"

Ya ci gaba da naɗe igiyarsa.

"Ni da na tsufa ina tuƙi a Manhattan, ban san ƙahon zagi ba? Na ga Kyaftin ya yi murna ne. Na ce a bar masa."

To kun ji. Tsofaffi biyu, kowa na rufa wa ɗan'uwansa, ni kaɗai aka bari ina cin wuta a tsakiya. Ina fushi da shi, kuma ban san ranar da zan huce ba, don da ya saurare ni na minti ɗaya da ya ji ƙahonsa na gaskiya, da kunnensa, matarsa na zaune a bakin ruwa.

Ya Allah, bawanka ne Hamisu, tsoho mai taurin kai, kuma shi ne uwata da ubana a ƙasar nan. Ka gafarta masa, ka sanyaya makwancinsa, ka ba Inna Rabi haƙuri. Ka sa wannan karon ya isa lafiya, ya tarar ana jiransa. Amin.