Wutsiyar Suna da Ƙafar Babana

Ina ajin ƙarshe na elementare a Birnin Gwari gatari ya kuɓuce wa babana a bakin daji, wajen Kakangi, ya sare shi a ƙwauri. Wuri mafi kusa shi ne masaukin malamin daji, ma'aikacin En'e mai tsaron gandun dajin. Can muka kai shi, ni da baffana.

Malamin ya dubi raunin, ya shiga ɗakin da Baturen daji ke ajiye kayansa idan ya zo rangadi, ya fito da wata kwalba. Ya ce sifirit ne, irin na wanke ciwo a asibiti. Yana buɗe ta idona ya kawo ruwa. Na san warin sifirit, da shi hedimastanmu ke kunna aci-balbal.

Na ce, "Malam, wannan kam ba shi ba ne."

Ya harare ni. "Kai yaro, yaushe aka haife ka? Ga shi a rubuce." Ya nuna mini jikin kwalbar, na karanta: methanal. Ya ce, "Methanol ke nan. Turawa kowa da irin rubutunsa."

Ya tuttula a kan ciwon, ya jiƙa tsumma da shi ya ɗaure. Babana, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya yi ihun da ya watsa kajin gidan. Naman ya yi fari, ya sandare, daga baya ya yi baƙi. A Kaduna aka yanke ƙafar daga gwiwa. Malamin ko sannu bai zo yi ba. A kasuwa ma cewa yake yi ƙazantar manomi ce ta ɓata ciwon.

Na tafi sakandare a Zariya da kalmar nan ta jikin kwalbar a raina. Sai da na yi nisa a karatu malamin kimiyyarmu, wani dogon Bature mai yawan tari, ya zo kan sunayen sinadarai. Ya ce kan suna yana faɗin yawan ƙwayoyin kabon, wutsiyar kuma dangi take nunawa. Ni dai na ɗauke ta kamar tsagar fuska, wadda kana gani ka san gidan mutum. Mai ƙarewa da -ane dangin iskar gas ne da kananzir, -ol dangin sifirit, -oic kuma masu tsami. Methanoic, in ji shi, har a jikin tururuwa akwai. Sai ya rubuta -al, ya sa methanal a ƙarƙashi.

Na ɗaga hannu. "Idan aka zuba shi a kan rauni fa?"

Ya ce, "Da shi ake jiƙa mataccen kwaɗo don kada ya ruɓe. Nama mai rai kashe shi yake yi. Me ya sa ka tambaya?"

Na kwafe kalmar a littafina, na ja mata layi.

Da hutun damina na koma gida, na kasa kunne har na ji Baturen daji ya sauka. Na sa farar rigata ta makaranta na tafi. Malamin dajin na tsaye gefensa, shi ne tafinta. Ban bi ta kansa ba. Na gaida Baturen da Turanci, na gaya masa wanda ya taɓa masa kwalba, da abin da aka yi da ita, da bambancin -ol da -al kamar yadda aka koya mini.

Fuskarsa ta yi ja. Ashe a waccan shekarar macizan da yake tarawa yana jiƙawa da ruwan kwalbar sun ruɓe masa, bai san dalili ba. Malamin ne ya cike kwalbar da ruwa don kada a gane an taɓa ta.

Malamin ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Ɗana, ka rufa mini asiri, ina da iyali."

Na ce, "Babana ma yana da su."

Kafin kaka an sallame shi. Babana bai ji daɗi ba. Ya ce, "Da ka bar wa Allah."

Na ce, "Baba, ai Shi ya kai ni makarantar."

Ya girgiza kai ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

Daga baya na ji mutumin ya koma Kazage wurin surukansa, yana ƙodago a gonakin mutane. Na ari keke na tafi takanas. Na same shi duƙe cikin dawa, rana na dukansa, mai gonar na yi masa faɗa kan kunyar da ya tsallake. Na zauna a inuwar kaɗanya na ci dafaffen rogona a natse ina kallo. Da ya ɗago muka haɗa ido, shi ya fara kawar da kai. Na wanke hannu a rafi, na hau keke na dawo gida kafin la'asar.