Hancin Bara'atu Mai Ɗanwake

Duk wanda ya san Sabo ta Ibadan ya san Bara'atu mai ɗanwake. In bai san ta da ɗanwaken ba, to ya san ta da hanci. A Sabo aka haife ta, a nan ta yi wayo, a nan aka kai ta ɗaki. Kano kuwa sau biyu ta taɓa taka ta, biki ɗaya, gaisuwar mutuwa ɗaya, amma in ta fara ba ka labarin yadda ake yi "a gida" sai ka rantse jiya ta sauko daga motar Kano a tashar Ojoo. Ta fi Kanawan kansu riƙon al'adar Kano. Abin da su can suka daɗe da ajiyewa, ita tana nan riƙe da shi gam.

Shekara ashirin tana kafa tukunya a bakin lungunsu, tun da hantsi har azahar. Hancin nan nata kuwa baiwa ce. Mai man gyaɗa bai isa ya yi mata haɗi ba, tun kafin ya sauke jarka za ta ce ya juya da abinsa. Shekaru ana yi mata dariya a kan hancin, sai ga ranar amfaninsa ta zo.

Shekara uku da suka wuce shaye-shaye ya yi ƙamari a unguwa. Yara 'yan sha biyar, sha shida, ka gan su suna tafe suna layi da rana tsaka. Wasu su tsallaka unguwar Mokola su sayo giyar leda, wadda Yarabawa ke ce wa paraga. Wasu su tsiyaya kodin, maganin tarin nan, a robar zoɓo su yi ta kurɓa a gaban iyayensu. Sai dattawa suka tashi tsaye, ma sha Allah, suka kafa kwamiti. Zama uku aka yi kafin a daidaita kan suna, aka fito da Kwamitin Ceto Matasa da Gyaran Tarbiyya da Yaƙi da Miyagun Ɗabi'u. Zama biyu kuma a kan launin riga. Kore ya yi nasara.

Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka ɗauko mai wa'azi da lasifika. Sahun gaba duk tsofaffi ne, waɗanda abu mafi ƙarfi da suka taɓa sa wa a baki shi ne goro. Su aka yi wa wa'azin illar ƙwaya awa biyu cur, suna gyaɗa kai suna salati. Samarin da aka yi taron dominsu suna can baya a tsaye, suna ta shaƙiyanci da Yarabanci, suna jiran rabon lemo. Da aka raba suka shanye, suka tafi da robobin, don suna da aikin da za su yi da su.

Bara'atu ba ta cikin kwamiti a rubuce, ba a kuma ba ta riga ba. "Mai taimakawa" ake ce mata. Amma kaf yaran da aka kama, ita ta kama su. Yaro zai zo sayen ɗanwake, ta miƙa masa kwano, ta ce, "Matso nan, ɗan albarka. Buɗe bakinka mu gani." Ya tauna kanumfari, ya tsotsi minti, duk a banza. Ta san warin paraga, ta san zaƙin kodin a numfashi. Tiramol da ba ta da wari kuwa a ido take gane ta.

Dokar kwamiti ita ce wanda ya kama yaro shi zai faɗi sunansa da na ubansa da bakinsa, a gaban jama'a, sannan sakatare ya rubuta, a kira iyaye a zauna da su. Sakataren, Malam Dabo, mutum ne da in doka ta ce ya tsaya a rana zai tsaya har ya suma. Ba ya rubuta suna sai ya ji daga bakin wanda ya kama. Bara'atu kuwa abin nema ya samu. Ba ta tsayawa a uba, har kaka take kaiwa, da murya yadda na ƙarshen layi zai ji. Ta kuma ƙara da nata: "Uwarsa tana ina? Haihuwa dai aka iya!"

To, suna ɗaya ne a duk Sabo ba ya fita daga bakinta. Manniru, ɗanta na fari.

Kunyar ɗan fari Bara'atu ke yi, irin ta mutanen da. Tana yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa, uwar mijinta Safiyanu. Tun daga nan ba ta ƙara ɗaukarsa ba, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In dole ta kama a yi maganarsa sai ta ce "wancan", ko "ɗan tsohuwa". Shi ma Anti yake ce mata, kamar sauran yaran layi. In ya zo cin ɗanwake sai ta ajiye masa kwano a kan benci, ta kau da kai tana kallon titi har ya gama ya tashi. Mata suna ta yabo: "Kai, Bara'atu akwai kunya! Irinsu sun ƙare." Ita kuma ta ji daɗi har cikin ranta. In ta ga matan zamani sun rungume ɗan fari suna ɗaukar hoto da shi a waya sai ta ja tsaki, ta ce duniya ta lalace.

Tsohuwa ta rasu shekara biyu baya. Safiyanu ɗan fataucin goro ne, sati uku a hanya, kwana huɗu a gida. Manniru ya koma kwana a shagon abokai, ya kama dako a kasuwar Akinyele, sauke buhunan albasa tun yana ɗan sha biyar. A can aka koya masa cewa baya ba ya ciwo in an haɗiyi ƙwaya biyu da safe. Daga ƙwaya aka wuce robar kodin. Kowa a Sabo ya sani. Mai shayi ya sani, mai wankin hula ya sani, 'yan kore na kwamiti ma sun sani, amma wa zai tari mace mai kunya da maganar ɗan farinta?

Yayar mijinta, Tani, ita ce ta gwada. Ta zo ta zauna a bencin ɗanwake ta ce, "Bara'atu, maganar Manniru ce ta kawo ni."

Bara'atu ta miƙe zumbur, ta ja gyale ta rufe rabin fuska. "Haba, Yaya Tani! Ni za ki yi wa maganarsa? Ɗanku ne, ku kuka san shi."

"Ɗanmu ne, na ji. Amma ki zauna ki saurare ni."

Ina! Ta riga ta koma gindin tukunya tana kaɗa ludayi. Sau biyu ana haka. Wallahi abin da ban haushi. Mace ta leƙa bakin ɗan kowa a unguwa, nata kuwa ko tsawonsa ba ta sani ba.

Wata Asabar da hantsi kwamiti ya fito sintiri. Sintirin nasu a kan babban titi ake yinsa, inda mutane za su ga riguna. Bara'atu ta zaga bayan wani kango za ta zubar da ruwan wanke-wanke, sai hancinta ya tsayar da ita. Ta leƙa. Samari huɗu. Uku suka haura katanga kamar awaki, ɗaya ya kasa tashi. Yana zaune jingine da bango, hular hana-salla ta rufe masa fuska, robar zoɓo a cinyarsa.

"Malam Dabo!" ta ƙwala kira. "Ku zo, ga ɗaya na kama!"

Kafin ka ce me, kango ya cika. 'Yan kore, masu shaguna, mata da goyo, har Yaya Tani. Bara'atu ta riƙe ƙugu, ta samu fili. "Ku dube shi don Allah! Ƙato da shi, ko tashi ba ya iyawa. Dubi wuyansa duk ƙashi. Wai wannan yana da uwa a garin nan? Wace irin uwa ce ɗanta zai koma haka ba ta gani ba? Makauniya ce?"

Ba wanda ya tanka. Ta ɗauka maganarta ce ta ratsa su. Ta sunkuya ta fizge hular.

Hular ta faɗi daga hannunta.

Malam Dabo, Allah ya shirye shi, ya buɗe littafi ya cire murfin biro. "To, Malama Bara'atu, sunansa da na mahaifinsa."

"Malam Dabo, rufe littafin nan," in ji Tani.

Kan yaron ya lanƙwashe a kafaɗa. Leɓɓansa sun yi fari, numfashi yana fita da ƙyar, sai an jima a ga ƙirjin ya ɗaga. Wani ya yayyafa masa ruwa, wani ya jijjiga shi, ko motsi. Tsoro ya kama Bara'atu, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta durƙusa a gabansa.

"Kai," ta ce. "Kai, wancan. Tashi mana."

Shiru.

"Ɗan tsohuwa!"

Tani ta ce, "Tsohuwa ta mutu, Bara'atu."

Sai ta kama fuskarsa da hannu biyu. Sunan ya fito mata a shaƙe, da ƙyar na kusa suka ji. Ta sake, wannan karon har bakin titi. "Manniru! Manniru, buɗe ido ka dube ni!"

Idanun suka buɗe a hankali, jajur. Ya daɗe yana kallonta, kamar mai son ya tuna inda ya san ta. Sannan ya motsa baki, magana tana fita ɗaya bayan ɗaya.

"Anti," ya ce. "Ashe kin san sunana."

Bara'atu ta fashe da kuka. Ta jawo kansa ta ɗora a cinyarta, ta ɗaga kai ta dubi mutanen da suka zagaye ta.

"Ku tsayar min da keke mai ƙafa uku, asibiti za mu," ta ce. "Ku kama min shi a hankali. Ɗana ne."