Fankar Malam Haruna Mai-kunne

Duk wanda ya zauna a Sabo, unguwar Hausawa a can Kudu, ya san Malam Haruna bai taɓa sayen abu da ido ba, da kunne yake saye. Rediyo ce, agogo ne, kankana ce, sai ya kara a kunne ya lumshe ido. Har akuya na ga ya durƙusa ya saurari cikinta kafin ya taya! In ka tambaye shi sai ya ce, "Abu mai kyau ba ya surutu."

Ni taubashinsa ne, don haka bakina ba linzami a gabansa, duk da ya girme ni nesa ba kusa ba. Wata rana na ce, "To Malam, in haka ne, yaya aka yi ka auro Hajiya Ladi?" Kun dai san Hajiya Ladi, tana cinikin wainarta a tsakar gida ana jiyo ta a bakin titi. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Garba, ranar da na je zance mura ce ta shaƙe mata murya. Ha'intata aka yi."

Sana'arsa buga wasiƙu. Shekara da shekaru yana zaure da tafireta, yana yi wa fataken goro da na shanu takardunsu. A ƙarshen shekarun casa'in babban ɗansa Nuhu ya kawo masa kwamfuta daga Ikko, tokunbo, wato gwanjon Turai, ya koya masa, ya kuma tafi da tafiretar don kada tsohon ya koma gidan jiya. To ashe a cikin akwatin kwamfutar akwai wata 'yar fanka da ke zaune a kan furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar ke nan, tana sanyaya ta. Wayyo fankar nan! In ta tashi, sai ka ce an kunna babur a cikin tukunya. Na ce ai tafireta ma tana ƙara. Ya ce, "Tafireta sai na taɓa ta take magana. Wannan kuwa ba ta da kunya."

Ana haka ran nan sai ga Iya Basira, Bayarabiyar da ke bayan layinmu, ta yi sallama da kwanon wake da tattasai a ka. "Alaaji, ẹ jọ̀ọ́, don Allah, an ce ka sayi injin markaɗe?" Tana fita Malam ya kwance akwatin ya fizge wayar fankar. Tsit! Ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Ka ji mutunci." Ya kama buga takardar shanun wani bafatake da motarsa ke jira. Ko rabi bai kai ba komai ya sandare, wani ƙauri ya tashi. Da aka samu Nuhu a waya sai ya ce, "Baba, in furosesar nan ta ƙone, sana'arka ce ta ƙone. A sayi sabuwar fanka yau." Malam ya aje waya ya ce, "Saye? Ga mafici a gida?" Wallahi ni da gemuna da 'ya'yana shida, na baro albasata a kasuwar Bodija, na wuni ina yi wa kwamfuta fifita. Da hannuna ya gaji ya mayar da tsohuwar fankar, ya ɗiga mata man gyaɗa. Kwana biyu zauren yana ƙanshin ƙosai, ran na uku ƙarar ta dawo har da gayya.

Dole ta sa muka ɗauki akwatin muka nufi kasuwar Dugbe, shagon wani Mista Tunde. Muna shiga Malam ya ce a kashe janareto, yana so ya saurari kaya. Mutumin ya ce, "Baba, if I off am, wetin go turn the fan?" Aka yi ta ja-in-ja, ƙarshe aka aro batirin mota. Ya sa aka rufe ƙofa, ya sa mai sayar da kaset na maƙwabta ya rage waƙa, ni kuma ya ce in daina numfashi da ƙarfi.

Fanka uku aka jera. Ta farko 'yar ƙarama ce mai araha, ya kara kunne ya ce, "Sauro." Ta biyu tana cikin kwali mai ƙyalli, kuɗinta ya kusa na buhun albasa. Ya tura ta gefe, ya ce, "Kwali ba ya fifita." Ta uku tokunbo ce, ga faɗi, ga ƙarfen goran-ruwa mai kauri da haƙora kamar mataji. Mista Tunde ya ce ƙarfen ne ke zuƙe zafi, fanka mai faɗi kuma ba ta buƙatar gudu, shi ya sa ba ta ihu. Malam ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "Wannan 'yar gidan mutunci ce. Amma an taɓa aurenta, sai a rage sadaki." Tun hantsi ake ciniki har aka kira azahar. Da aka zo shafa farin man nan da ake sawa tsakanin ƙarfen da furosesa, Malam ya ce a bari, yana da man goge baki a gida. Mista Tunde ya ɗora hannu a ka, ya ce, "Baba, take am free, I beg!"

Kuna tsammanin an huta? Ina! Bayan kwana huɗu na tarar da shi ya rungumo akwatin zai koma Dugbe. Na ce lafiya? Ya ce, "Ba na jin komai. Ta yaya zan san tana aiki? Cewa na yi ta yi shiru, ban ce ta mutu ba!" Sai da Hajiya Ladi ta fito ta ɗaura zaren ɗinki a bakin akwatin, ta ce, "In ka ga yana rawa, tana da rai. Ka bar bawan Allah ya ci kasuwarsa." Fankar nan ta yi masa shekara biyar ba ta yi ko tari ba.

Mun sha dariyarsa, ni na fi kowa. Amma da ya rasu, ranar sadakar uku wata tsohuwa ta zo daga unguwar Shasha da wata takarda a ƙulle a gefen zane, duk ta tsufa. Ta ce takardar cigiyar ɗanta ce da ya ɓata, Malam ne ya buga mata ita, ya yi kofi-kofi, ya riƙa bin direbobin Arewa mota-mota yana ba su, har aka gano mata ɗanta a Gusau bayan shekara bakwai. Ko ruwa bai sha nata ba. Mu da muke gida ɗaya ba mu taɓa jin labarin ba sai ran nan. Na tashi na zagaya bayan gida, don kada yara su ga fuskata.

Allah ya jiƙan Malam Haruna, ya yafe masa kurakuransa, ya kai haske kabarinsa. Allah ya ba Hajiya Ladi da su Nuhu haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.