Mai Goro a Tashar Motar Jalingo

A tashar Jalingo, Fanta Bafulatana tana kallon wani mai babbar riga, leɓɓansa jawur da goro. Ya mamaye benci, matarsa kuwa tana tsaye da tsohon ciki, ƙafafu a kumbure.

"Malam, ungozoma ta ce ɗan a zaune yake, kai sama," in ji matar. "Gara likita Bature ya yi mini aiki a Yola tun kafin naƙuda."

"A farke ki kamar akuya? Me za a ce da ni a Sintali?" Ya tsartar da yawu dab da ƙafarta.

Fanta ta ayyana a ranta, irin wannan ko gawar matar aka kawo, rawaninsa zai fara gyarawa. Da mutumin ya yafito ta zai sayi nono, sai ta kifa faifai a kan ƙwaryarta cike da nono.

"Ya ƙare," ta ce.