Malam Mai Suwaita da Fankar Kamfani

Har yau in na zauna sai in tambayi kaina: yaya aka yi ni da aka yanka nake nan ina cin tuwo, shi kuwa mijina da bai taɓa kwanciya a asibiti ba sai a ƙarshe ya riga ni tafiya? Na tambayi liman, ya ce ikon Allah ne. Na sani. Amma kukan bai tsaya ba, kuma ba na ɓoye shi. Rabi 'yata, ke dai rubuta abin da na faɗa, ki daina kallon idona.

Mutanen Sharaɗa duk kun san mijina da jar suwaitarsa. A gaban tukunyar tururi ta wani kamfanin fata a Chalawa ya ƙarar da ƙuruciyarsa, shi ya sa da ya bar aiki duniya duka ta zama masa firji. Tsakiyar bazara, kaji na buɗe baki suna haki, Malam yana neman safa! Fanka kuwa ya hana ta shiga gidanmu. Cewa yake, "In sayi mura da hannuna? Ba da ni ba."

To, sai ga ciwon daji a nonona na hagu. Aka yi mini aiki aka cire shi, likita ta ba ni wata 'yar ƙwaya, ta ce kullum zan sha har shekaru, don kada ciwon ya dawo. Wayyo ƙwayar nan! Ina zaune lafiya sai zafi ya taso daga ƙirji ya hau kai, gumi ya jiƙa kallabi sharkaf. Gwiwoyi su yi tsami. Ga faɗa, ko kaza ce ta gifta sai na yi mata masifa.

Malam ya yi kwanaki yana kallona kamar yadda yake kallon tukunyarsa. Sannan ya ce, "Hajiya, inji in ya ɗau zafi ba kashe shi ake ba, sanyaya shi ake." Ya fita. Da la'asar sai ga shi a bayan a-kori-kura, rungume da fankar kamfani da ya samo a gwanjo a Bompai, tsayinta ya kai nasa. Aka kawo wuta, ya kunna. Jama'a! Garin da nake tankaɗe ya tashi sama, shanya ta haura katanga, maƙwabciyarmu tana ihu wai guguwa ce. Ni kuwa na ji sanyi har cikin raina. Na waiwaya, sai ga Malam kusa da ni, ya ɗora bargo a kan suwaita, haƙora na kaɗawa.

Na ce, "Malam, ka shiga ɗaki mana."

Ya ce, "Mai kula da inji ba ya barin wurin aiki."

In an ɗauke wuta kuma, faifai yake ɗauka ya yi ta yi mini fifita, ya kau da fuskarsa gefe kada iskar ta taɓa shi.

Duk da haka akwai ranar da na gaji. Gwiwa ta hana ni ruku'u, na yi salla a zaune, na ajiye kwalin maganin a gabansa na ce na daina, in mutuwa ce ta zo. Ya tashi ya tuɓe suwaitar nan, wadda ko ranar wanki sai an yi rigima, ya kunna fanka, ya zauna a gabanta daga shi sai singileti.

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Yajin aiki. Haka muke yi wa manaja in ya ƙi jin magana."

Atishawa ta fara. Ido ya yi ja, hanci na zuba, tsoho na rawa kamar ɗan tsako a ruwa. Na ce ya tashi, ya ce sai an biya wa ma'aikata buƙatarsu. Na zage shi, na roƙe shi, ƙarshe na haɗiye ƙwayar ko ruwa ban nema ba. Ya mayar da suwaita ya ce, "An sasanta. Amma gobe za mu wurin likita, ki gaya mata komai. Ba a gyara inji a ɓoye."

Muka je. Kunya ta hana ni magana, shi ya zayyana mata komai, har da cewa na jefe shi da ludayi. Likita ta yi dariya, ta ce maganin yana sa saurin fushi. Malam ya ce, "A'a likita, sauƙi aka samu. Kafin maganin da muciya take jifa." Ta ba ni abin da zai rage ciwon gaɓoɓi, ta ce in rage yaji, in sa kaya marasa nauyi, in riƙa tafiya a ƙasa, kuma kada in sake dainawa ban zo mata ba.

Shi ke nan, kullum da safe in jiniyar kamfani ta yi kuka, in sha ƙwaya mu fita. Yana gaba da kujerata ta tsugunno a kansa, ina biye, mu bi jikin katangar kamfanoni. Masu sayar da koko su yi ta guɗa, "Ga ango da amarya!" Shi kuwa ya ce, "Ku matsa, gwajin inji muke." In na gaji ya sauke kujera ko a gaban tirela ne, direba ya yi ta hon. Wallahi gwiwoyin nan sun saki.

Yanzu ni kaɗai nake zagayen, kuma ban fasa ƙwayar ba ko sau ɗaya. Zan kai ta har inda likita ta ce. Wa zai yi mini yajin aiki in na daina? Allah Ya jiƙan Malam, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba shi Aljanna inda babu zafi babu ɗari. Amin.

Zuciya ce ta kama shi, kwana kaɗan ya yi a asibiti. Ranar ƙarshe ina zaune a gefen gadonsa, fankar sama tana juyawa, na ga yana jan suwaita zuwa wuya. Na miƙe zan kashe ta, sai ya riƙe mini zane.

Ya ce, "Bar ta, Hajiya, gumi kike yi. Kin sha ƙwayar yau?"