Hanya ta Uku

A gidanmu na Sheshe, da an idar da sallar magariba an kwashe tuwo, Iya Gambo ba ta bari a kashe murhu. Kakata ce ta wajen uba, 'yar ƙaramar tsohuwa mai faɗa, wadda ko mai unguwa ne ya yi ba daidai ba sai ta aika an gaya masa. Takan ja kujera kusa da garwashi, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta.

"To, ga ta ta iso," in ji ta. "Mai surutu ya tashi ya ba mu wuri."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta Hassu, 'yar wani madugu. A bayan garinsu akwai mararraba, da wani tsoho da ke zama a gindin tsamiya. In ka faɗa masa sunan garin da za ka, sai ya gaya maka hanya ta nawa ce daga dama. Wata shekara madugun ya ce ya gaji da durƙusa wa tsoho, ai ya haddace, garin gishiri hanya ta uku ce. Bai san makiyaya sun fasa sabuwar hanya da damina ba, ta uku ta koma ta huɗu.

Hassu ta riƙe igiyar jakinta ta ƙi motsi. A nan Iya kan ɗaga haɓa ta siranta murya: "Baba, ko dukana za ka yi, sai na tambaya." Ayari ya tafi ya bar ta. Ita ta tambayi tsohon, ta isa garin gishiri lafiya, su kuwa kwana uku suka yi a daji babu rijiya.

Na taɓa tambaya, "Iya, in tsohon ya ce bai sani ba fa?"

"Sai ki zauna. Wa ya kore ki?"

Yau aikina rubuta manhaja ne, a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa kwamfutocin asibitoci. A cikin na'ura akwai fayil da ke riƙe da sunan kowace netwok da lambarta. Manhajata tana ba shi suna, ya ba ta lamba, sannan ta tura sakamakon gwajin jini can. Bara wani asibiti ya buɗe sabon reshe, ba a sa sunansa a fayil ba. Manhaja ta tambaya, aka dawo mata da babu, ta tsaya cak kamar yadda na tsara.

Ogana, Injiniya Sani, ya tsaya a kaina. "Malama Rabi, rubuta lambar kai tsaye a ciki. Na san ta a ka. Gobe za mu miƙa aiki."

"Yallaɓai, ba zan rubuta ba. Ran da aka canza lamba, sakamakon mutane zai tafi inda ba a aike shi ba, kuma ba wanda zai sani."

"Ni ko ke, wa ke ba da umarni?"

"Kai ne. Amma hannuna ne."

Ban rubuta lambar ba. Sai bayan kwana biyu mai kula da na'urorin asibitin ya saka sunan. Muka makara, Injiniya ya sha faɗa, ya cire ni daga aikin. Lambar tasa kuwa daidai take, ko ɗigo bai kuskure ba.

Ina yarinya na ɗauka Hassu ta yi daidai ne don mahaifinta ya ɓata. Sai a makon nan na gane ko da ya isa lafiya, ita ce da gaskiya.

Ran da aka saka sunan, Injiniya ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa a gaban kowa, ya nuna mini lambar. "Yanzu kin gani?"

"Na gani, Yallaɓai," na ce. "Gobe ma haka zan yi."