Ƙundu Ɗaya, Shugabanni Biyu

Wannan ba tatsuniya ba ce, jikokina, da idona na gani. Zamanin da soja suka koma bariki, Abuja tana ta tsirar benaye, ina da rumfar abinci a jikin katangar wani otal a Garki. Manajan otal ɗin ya bar ni a kan sharaɗi guda. Ya ce, "Mama, duk ranar da aka yi rigima a rumfarki, ranar za ki kwashe tukwanenki." Ni kuwa rumfar nan ita ke ciyar da gidana.

Sai aka sauke wasu baƙi a otal ɗin, 'yan tawaye daga wata ƙasa da ake yaƙin basasa. Wai sulhu suka zo yi. Mutanensu na can suna kwana a gindin itace, su kuma suna nan suna fama da sanyin iyakwandishan, Allah sarki.

Shugabanninsu biyu ne, wani dogo da wani mai rawani. Dukansu suna jin Hausa, irin ta jikokin mahajjatanmu da suka zauna a ƙasarsu a hanyar Makka. Abincin otal ya ishe su, suka koma tuwona. Dogo ya zauna gabas, mai rawani yamma, ko sallama ba sa yi wa juna.

Akwai wani Bature da ke biye da su, ƙasarsa ke ba su bindigogi. Shi ya gaji da ciyar da gida biyu, ya ce su haɗe su zama ƙungiya ɗaya. Suka haɗe, aka ɗauki hoto, har da runguma.

Ranar suka zo rumfata tare. Dogo ya ce, "Hajiya, yau mu 'yan uwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Faranti ɗaya za ki zuba mana."

Na ce, "Masha Allah, ashe haihuwa ta yi sauƙi."

Na zuba tuwo, na ɗora kaza. Sai da na ajiye farantin sannan na tuna: kaza ƙundu ɗaya gare ta, ƙundu kuwa na maigida ne, har a ƙasarsu.

Ga shi nan a tsakiya, yana ƙyalli. Dogo ya miƙa hannu, mai rawani ya yi gyaran murya.

"Malam, na girme ka."

"A shekaru, ranka ya daɗe. A daji fa? Kana otal muna cin harsashi."

"Wane harsashi? Kai da ko kare ya yi haushi sai ka nemi mota?"

Masu tsaronsu suka miƙe. Na hango manaja a bakin ƙofa yana leƙe. Na fara salati, ina duban tukwanena, ina tunanin wa zai taya ni ɗauka.

Sai ga Bature ya iso yana share gumi. Ya zauna tsakaninsu, ko hannu bai wanke ba. Ya duba farantin, ya tsinci ƙundun ya jefa a baki, ya tauna, ya ɗaga min babban yatsa.

Na jira tashin duniya. Ina! Jaruman nan biyu, masu 'yantar da ƙasa, suka washe baki. Dogo ya ce, "Ai dama shi muka ajiye wa." Mai rawani har da tura masa ruwa, kada ya shaƙe.

Manaja ya koma ciki. Rumfata ta tsira, na ci gaba da tuƙa tuwo har suka bar garin. Amma tun daga ranar, in na dafa musu kaza, sai in ware ƙundun a ƙaramin kwano in rufe, in ce, "Wannan na maigidanku ne." Babu wanda ya taɓa tambayata wa nake nufi.